Daga Kano zuwa tsaunin Kwahu: gaisuwar da muka kai wa malaminmu na Turanci

Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ce ta wakilta ni. Mun daɗe muna cigiyar malamin da ya koya mana Turanci a sakandaren kwana daga 1980 zuwa farkon 1983, mutumin Gana, wanda duk makaranta ke kira Masta. Wasu su ce ya rasu, wasu su ce yana Ingila. Sai bara wani ɗan ajinmu ya ci karo da 'yarsa a Facebook, ta tabbatar mana yana raye, ya haura 80, yana zaune a wani ƙaramin gari a kan tsaunin Kwahu. Nan take aka yi karo-karo a zaurenmu na WhatsApp. Da yake na yi ritaya daga koyarwa, kuma da sauran ƙarfina, aka ce ni zan je. An so in hau jirgin sama, na ce ta ƙasa zan bi. Ina so in ga hanyar da ya bi lokacin da ya bar mu.

Tsarabar da aka tara ita ce babbar riga ta shadda mai aikin hannu, da hula, da turmin atamfa na matarsa, da kilishi da zuma, sai tarin wasiƙu da 'yan ajinmu suka rubuta da hannunsu. Uwargida ta ɗauko jakar nan mai ratsin ja da shuɗi da muke kira Gana-mas-go za ta shirya kayan, na ce ta mayar da ita. Ba zan shiga gidan wannan bawan Allah da wannan jaka a hannuna ba. Na je kasuwa na sayo akwati. Takardu kuwa ba su da yawa: fasfo mai tambarin ECOWAS da katin allurar rigakafin shawara. Ba a neman biza, domin yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga 'yar'uwarta ya zauna har kwana 90.

Na hau babbar motar Legas daga Sabon Gari da la'asar, kuɗin mota naira dubu 40 da 'yan kai. Zariya, Kaduna, Abuja, Lokoja, Okene, duk cikin dare muka wuce su, ban ga komai ba sai fitilun manyan motoci. Na kwana a Agege wurin wani ɗan'uwa mai sayar da goro, washegari bayan asuba na nufi Mile 2 inda ake samun ƙananan motocin Seme.

Hanyar Badagry ita ce ta fara gwada haƙurina. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba, amma shingaye ba sa ƙirguwa. Kafin direba ya sa giya ta uku an sake tsayar da shi. Kowane kaki da nasa shingen, wani da tsohuwar taya, wani da gungumen icce, wani da katako mai ƙusoshi. Direbanmu ya riƙe 'yan canji a tsakanin yatsunsa, yana miƙawa ba ya ko ɗaga kai. A Arewa ma muna da shingaye, amma ban taɓa ganin inda kana tsaye a wannan kana hango na gaba ba. A ɗaya daga ciki aka ce in sauko in buɗe akwati. Jami'in ya ɗaga rigar, ya shinshina kilishin, sannan ya tsaya a kan ƙunshin wasiƙu ya ce mene ne wannan. Na ce masa wasiƙun tsofaffin ɗalibai ne zuwa ga malaminsu ɗan Gana. Ya dube ni, ya rufe akwatin da hannunsa, ya ce in wuce.

Da na koma mota sai hira ta ɓarke. Wata 'yar kasuwa Bayarabiya da ke gidan gaba, wadda za ta yi sa'ata, ta ce ai ita ma ɗan Gana ne ya koya mata rubutun wasiƙa a Abeokuta, har yau kuma yadda ya nuna mata take jera adireshi da kwanan wata. Wani dattijo ɗan Ibo ya ce nasu malamin kimiyya Ba'indiye ne, matarsa kuma tana koyar da Turanci. Saurayin da ke kusa da ni ya saki baki yana sauraro. A saninsa 'yan Najeriya ne ke fita neman aiki waje, bai taɓa jin an yi zamanin da malaman wasu ƙasashe ke rububin zuwa nan ba. Na ce masa an yi. A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita, kuɗin fetur na shigowa, naira ta fi dala daraja, malamai kuma ba su isa ba. Jihohi suka riƙa ɗauko su daga Gana, Indiya, Pakistan, Filifin da Masar. Kafin su kuma an yi Turawan sa-kai na Ingila da na Amurka. Mu 'yan makarantun gwamnati na Arewa a wancan lokaci, da wuya ka sami wanda baƙon malami bai riƙe masa alli ba.

A Seme, iyakar Najeriya da Benin, akwai katafaren ginin da ƙasashen biyu ke aiki a ciki tare, wanda aka buɗe a 2018. An buga mini hatimi, an duba katin allura, na canza naira zuwa sefa a hannun wani Bazabarme. Kwatano garin babura ne, 'yan acaɓansu sanye da riguna ruwan ɗorawa, ga fetur a manyan kwalabe jere a bakin titi. Wani ya kai ni unguwar Zango a kan sefa 500, na sami ɗaki mai fanka a kan sefa dubu 10. A nan wani abu ya same ni da ban yi tsammani ba. Turancin da na ci abinci da shi shekara talatin da wani abu ya tashi daga aiki. Yaron masaukin yana yi mini Faransanci, yana maimaitawa da ƙarfi, ni kuwa sai murmushi da gyaɗa kai. Zuciyata ta koma makon farko na aji ɗaya, muna zaune mu kusan arba'in, yawancinmu daga ƙauye, wani dogon mutum baƙi wuluk yana magana muna kallon bakinsa. Na manta da irin wannan kunya, ta mutum mai hankalinsa da ya koma kurma a gaban jama'a. Masta bai taɓa ɗaga murya don mu gane ba. Sai ya rage gudu, ya zana abin a allo, ko ya kwaikwaya da jikinsa har mu yi dariya mu kama. Hausa ce ta cece ni a Kwatano, don da na fito masallaci na sami mai shayi ɗan Dogondutsi, shi ya haɗa ni da motar Lome.

Daga Kwatano hanya ta bi ta Wida da Grand-Popo, ga teku a hagu ga itatuwan kwakwa, har iyakar Hilakonji. Togo ta bakin teku siririya ce, ba ta fi kilomita hamsin da 'yan kai ba, kafin ka gyara zama ka wuce Aneho ka shiga Lome. A nan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Abin mamaki, iyakar Gana a cikin birnin take. Titin bakin teku ne ya miƙe ya ƙare a ƙofa, ka taka da ƙafa ka shiga Aflao.

Jami'ar da ta karɓi fasfona a Aflao ta yi mini tambayoyin da aka saba: ina za ni, wurin wa, kwana nawa. Ina cikin ba ta amsa sai ta ajiye biro ta ce, "Baba, a Gana kuka yi makaranta?" Na ce yau na fara taka ƙasar. Ta ce to ina na samo wannan bakin, don yadda nake furta wasu kalmomi ba na 'yan Najeriya ba ne, irin na kakanta ne da ya yi hedimasta. Sai da na dafa kanta. Shekara talatin da wani abu ke nan abokan aiki na tsokanata cewa Turancina wani iri ne, ɗalibai na kwaikwayona a bayan ido, ni kuma na ɗauka kowa da irin harshensa. Ashe muryar Masta nake yawo da ita. Ashe kuma akwai ɗaruruwan yara a Kano da Jigawa da suka ɗauka daga bakina, suna furta Turanci da lafazin wani gari da ba su taɓa jin sunansa ba. Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta kira abokin aikinta ta ba shi labari da yarensu, suka yi ta kallona, sannan ta buga hatimi ta ce in gaishe mata da shi.

Ban hau mota nan da nan ba. Na sami benci wajen masu canji na zauna ina kallon wurin, domin a nan abin ya faru. Ranar 17 ga Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba duk baƙin da ba su da cikakkun takardu mako biyu su fice. Farashin fetur ya faɗi, aiki ya yi wuya, zaɓe na tafe, kuma tun rikicin Maitatsine na 1980 ake nuna baƙi da yatsa. An kiyasta mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Ita kuma Gana a lokacin shugabanta Rawlings ya rufe iyakokinta tun watan Satumban 1982, ba a buɗe ba sai ƙarshen Janairu, don haka jama'a suka taru a Benin da Togo, a rairayin bakin teku, babu ruwa babu abinci. Muna aji uku a lokacin. Abin da muka sani kawai, an wayi gari darasin Turanci babu malami.

Daga Aflao zuwa Akra tafiyar awa uku ce zuwa huɗu, an haye kogin Volta a gadar Sogakope, an bi ta Tema. Akwai shingaye, amma jefi-jefi, kuma direba bai riƙe canji a yatsa ba. Na sauka a unguwar Nima. Wanda bai je ba ba zai yarda ba: kiran salla ta ko'ina, mata da mayafi, Hausa a bakin Dagomba da Kotokoli da Zabarmawa da Fulani, Hausar da ba ta damu da bambance namiji da mace ba. Da safe ga koko mai yaji da ƙosai. Da rana na sayi shinkafa da wake da suke dafawa da busasshen ganyen dawa har ta yi ja, a zuba taliya da garin rogo da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji mai kifi, a naɗe a ganye. Da na tambayi kuɗi, tsohuwar ta ce dubu ɗari biyu da hamsin. Gabana ya faɗi. Wani yaro ya yi dariya ya ce sidi 25 take nufi. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu daga kuɗinsu, amma tsofaffi har yau da tsohon lissafi suke ciniki. Ɗakin da na kama sidi 200 ne, da ruwa da wuta.

Na yi Juma'a a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina, aka buɗe a 2021. Bayan salla na zauna da wani dattijo mai sayar da tasbaha da turare, asalin kakanninsa Katsina, fataken goro. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi shiru, can ya ce, "Malam, kun san 1983, amma ba ku san 1969 ba." A shekarar gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa suka fita dubbai, har da waɗanda aka haifa a nan. Yana yaro aka loda su a babbar mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba, sai bayan shekaru suka lallaɓo suka dawo. Ya ce gwamnatoci su ke ramuwar gayya, talaka ke ɗaukar kaya a ka. Ya ƙi karɓar kuɗin turaren da na zaɓa, ya ce in haɗa a tsarabar malamin.

Washegari na hau motar Kumasi, muka bi Nsawam da Suhum, na sauka a Nkawkaw. Garin a gindin dutse yake, ka ɗaga kai ka ga tsauni tsaye a kanka, kore shar, hazo ya rufe samansa. Tasi ta ɗauke mu ta fara hawa, kwana bayan kwana, kunnuwana suka toshe, direba kuwa hira yake da hannu ɗaya. Mu mutanen fili ne, ban saki kujera ba har muka kai. A sama iska mai sanyi, gonakin koko da ayaba da gwaza, ga manya-manyan gidaje a rufe, na 'yan kasuwar Kwahu da ke Akra, waɗanda ba sa cika garin sai lokacin bikin Ista. Gidan Masta ba ya cikinsu. Ɗan madaidaici ne mai rufin kwano, da baranda da bishiyar lemo.

Yana zaune a barandar cikin farar taguwa. Tsayin nan ya ranƙwafa, gashi fari fat, idon hagu ya yi yana. Na yi sallama, na durƙusa. Na shirya jawabi da Turanci tun daga Kano, amma kafin in buɗe baki ya ce, "Maraba, maraba. Ina gajiya? Yaya mutanen gida?" Da Hausa, Hausar 1980, ba ta yi tsatsa ba. Jawabin ya tafi. Na riƙe hannunsa da hannu biyu ina hawaye, shi ma haka. Sunana bai dawo masa nan take ba, kuma bai yi kamar ya dawo ba. Ya ce in gaya masa inda nake zama a aji. Na ce layin taga, benci na biyu. Ya ce, "Kai ne mai rubutu kwance, wanda ya rubuta labarin rijiyar da ta rufta." Ni kaina na manta da wannan rubutu.

Mama, matarsa, ta riga ta aika Zangon garin an yanka kaza a hannun liman. Ta ajiye mini sabuwar buta da tabarma a ɗaki, ta nuna mini gabas ba tare da na tambaya ba. Su Kiristoci ne na cocin Presbyterian, amma ta ce shekarun da ta yi a cikinmu sun koya mata yadda ake saukar Musulmi. Aka kawo sakwarar rogo da ayaba a cikin romo mai yaji, ana haɗiya ba a taunawa. Ta tambaye ni ko har yanzu ana yin fura mai kyau, ta ce ita da daddawa su ne abin da ta fi kewa.

Da yamma ya sa babbar rigar, ya kafa hula, ya ce in karanta masa wasiƙun tunda ido ya ƙi. Na fara. Akwai ta likita, da ta alƙali, da ta wanda ya yi aikin rediyo, da ta wani da bai wuce sakandare ba yana sayar da kayan gini, wanda ya rubuta cewa duk takardar da ya taɓa aika wa kamfani da ƙa'idar Masta ya rubuta ta. Abin da na lura, kusan babu wanda ya ambaci nahawu ko jarrabawa. Kowa wani ɗan abu ya riƙe. Wannan ya tuna siririyar takardar da yake sa mu riƙe a gaban leɓe, mu yi ta furta harafin P har takardar ta motsa, don mu raba shi da F, abin da ke ba kowane Bahaushe wahala. Wancan ya tuna akwatin littattafai da ke ƙarƙashin gadonsa, wanda yake ba da aro ba tare da rubuta suna ba. Wani ya tuna daren Asabar a barandarsa, an kewaye rediyo ana jin labaran BBC, in an gama ya nuna mutum ɗaya ya ce ya maimaita abin da ya ji. Kusan kowa kuma ya ambaci rubutun Juma'a.

Wannan rubutun Juma'a shi ne gadon da ya bar mana. Sauran malamai kan ba da take daga littafi, a ce ka bayyana tafiya a jirgin ƙasa ko ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, mu da ba mu taɓa gani ba sai mu haddace na wani mu juye. Shi kuwa cewa yake ka rubuta abin da idonka ya gani a makon nan, ko abin da ka baro a gida. Yadda ake fafe ƙwarya. Yadda kakarka ke kaɗi. Rigimar da aka yi a layin abinci. In ka sa kalmar da ka tsinta a ƙamus don burgewa, sai ya ja mata layi da jan biro ya rubuta a gefe: ka gani da idonka? A wurinsa muka fara sanin cewa rayuwar ƙauyenmu ta isa a rubuta ta, kuma baƙo daga wata ƙasa yana ɗokin karantawa. Yaron da aka yi wa haka yana ɗan shekara goma sha uku ba ya mantawa.

Na tambaye shi inda ya samo wannan dabara. Ya ce ba tasa ba ce. A watan Agustan 1961 rukunin farko na 'yan sa-kai na Peace Corps, shirin da Shugaba Kennedy ya kafa a shekarar, suka sauka a Akra, Gana ce ƙasar farko da ta karɓe su, zamanin Nkrumah. Wata budurwa Ba'amurkiya daga cikin irin waɗannan malamai ta koyar da su a sakandare. Ita ce ta sa su riƙe littafin rubuta abin da suka gani kullum, ita ce kuma mutum ta farko da ta tambaye shi ra'ayinsa a kan wani abu ta tsaya ta saurara. Shekara biyu kacal ta yi ta koma, bai sake jin ɗuriyarta ba. Ya ce ya yi niyyar rubuta mata wasiƙa, yau da gobe har abin ya wuce. Na zauna ina lissafi. Daga ita zuwa shi, daga shi zuwa ni, ni kuma duk ajin da na riƙe sai da suka yi rubutun Juma'a, cikin ɗalibaina kuwa akwai waɗanda yanzu su ma malamai ne.

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini rai, na ga in ban tambaya yanzu ba babu sauran rana. Na ce, "Masta, batun hana mu Hausa fa?" A makarantar akwai wani faifan katako da ake rataya wa duk wanda aka kama yana Hausa, shi kuma ya yi farautar wani ya miƙa masa, wanda ya kwana da shi ya sha yankan ciyawa. Ba shi ya kawo dokar ba, amma ya tarar da ita ya bi. Ya jinjina kai ya ce shi ma haka aka yi masa a kan yaren Twi, ya taso yana ganin haka ake koyon Turanci. Abin da ya sauya masa tunani shi ne da ya fara koyon Hausa a wurin masu gadi da 'yan kasuwa, ya ga yaran da ke zama gum a ajinsa ashe masu baki ne, masu azanci, tsoro ne ya ɗaure su. Shi ya sa a shekararsa ta ƙarshe ya riƙa sa mu kawo tatsuniya da Hausa mu juya ta tare. Ni dai har gobe ina ganin wannan doka zalunci ce, ta sa yara da yawa sun tsani Turanci, wasu kuma sun raina harshen iyayensu, kuma ban taɓa yarda an rataya wa ɗalibina komai ba. Na gaya masa haka, ya ce ya yarda.

A daren ne ya ba ni labarin zuwansa da tafiyarsa. Ya gama jami'ar Cape Coast, wadda aka kafa a 1962 musamman don horar da malamai, ya yi shekaru yana koyarwa a gida. Zamanin mulkin Acheampong kaya suka ɓace daga kantuna, hauhawar farashi ta haura kashi 100 cikin 100 a 1977, albashin wata ba ya kai mako. Kowa sai Najeriya, wadda a bakinsu suke kira Agege. Sauyin bai yi masa wuya ba, domin jarrabawarmu ɗaya ce, ta hukumar WAEC da aka kafa a 1952, hedikwatarta ma a Akra take. Sai ya faɗi abin da ban taɓa tunani ba. Ya ce, "Ɗana, ribarku asarar wasu ce. Ajin da na baro a nan, wanda bai da horo aka ba." Dubban ƙwararrun malamai ne suka bar Gana a shekarun, makarantunsu suka daɗe ba su farfaɗo ba. Mu muna ta murnar samun malami, ba mu san akwai yara irinmu da aka raba da shi ba.

Game da 1983, ya ce daga baya an sassauta wa ƙwararru zuwa ƙarshen Fabrairu, kuma mai yiwuwa da ya tsaya an gyara masa takardu. Amma albashi ya yi watanni bai zo ba, Mama na da goyo, kullum sai jita-jita. Suka sayar da firji da rediyon nan a wulaƙance. Ya so ya yi mana sallama, ya zo har bakin aji da daddare muna karatu, ya kasa shiga. Ya bar akwatin littattafan a hannun ɗalibin da ke kula da laburare. Suka isa gida suka tarar da fari da gobarar daji sun cinye gonakin koko da na abinci, shekarar yunwa ce da har yau 'yan Gana ke ba da labarinta. Na ce masa a madadin 'yan ajinmu ina neman afuwa. Ya ɗaga hannu ya ce ba mu muka kore shi ba. Abin da ya riƙe shi ne direban babbar motar da ya ɗauke su daga Arewa har Legas ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce ƙaninsa ɗalibinsa ne, da maƙwabciyar da ta soya musu nama ta cika gwangwani, wanda shi suka ci a bakin iyaka.

Na yi 'yan kwanaki tare da su. Da safe mukan taka a hankali zuwa bakin hanya, duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya gaishe shi, don bayan dawowarsa ya koyar a yankin har ya yi ritaya. Yana nuna ni yana cewa ga ɗalibinsa daga Kano, da babbar rigar a jikinsa, har coci ya tafi da ita ranar Lahadi. Ya sa ni na zauna da biro ya yi mini shifta, amsar kowace wasiƙa daban, layi uku ko huɗu, kuma sau biyu ya tsayar da ni ya ce in karanta masa inda na sa waƙafi. Na kira zaurenmu ta bidiyo, dattawa masu furfura suka riƙa leƙowa ɗaya bayan ɗaya suna "Sa, kun gane ni?" Ranar tafiya Mama ta cika mini leda da garin koko da soyayyar ayaba, shi kuma ya rako ni har inda tasi ke tsayawa, ya yi mini addu'a irin tasu, na yi masa irin tamu.

Dawowa na bi ta Kumasi na kwana a Aboabo, sannan na sake bin hanyar da na zo, shingayen Badagry na nan inda na bar su. Na raba amsoshin wasiƙu hannu da hannu ga na Kano, na sauran na aika. Da na ba da rahoton idonsa, likitan cikinmu ya ce yana ce, aikinta ba shi da wuya, aka sake karo-karo aka tura wa 'yarsa. An yi aikin, ta turo hotonsa yana karanta jarida da tabarau. Yanzu cigiyar da ke gabanmu ta malamar lissafi ce, 'yar jihar Kerala ta Indiya, wadda ta bar makarantar bayansa da kaɗan. Abin da ke hannunmu hoton aji ne guda ɗaya da take tsaye a gefe, sai wani ɗan ajinmu da ke zuwa Indiya asibiti, wanda ya ɗauki alkawarin zai tambaya.